Rediyon Kafaran Mutari

A shekarar da aka yi shirin afka wa Bagadaza
ina gyaran rediyo a bakin Kasuwar Dole.
Rumfata taku uku ce, benci ɗaya,
kwana tara famfon unguwarmu bai ɗiga ba.

Daga cikin wata tsohuwar rediyo da na buɗe wa ciki
labarin ya fito, yana shaƙewa:
Faransa ta ce ba ta zuwa.
Ƙawayenta sun ɗaura ɗamara, sun loda jirage,
ita ta ce a dakata.

Mushe Ciroma, mai koyar da tarihi,
ya ajiye kofin shayi ya ce, "Doka ce.
Masu bincike ba su gama leƙa rumbunan ba,
makamin da ake faɗa ba wanda ya gan shi.
Ba a ɗaure mutum
kan akuyar da ba a tabbatar ta ɓata ba."

Alhaji Gonda direban tanka ya tuntsire da dariya.
"Mushe, bar mana boko.
Yaushe kura ta ƙi nama don tsoron Allah?
Akwai mai, akwai bashi, akwai kwangila.
Rabon ne bai yi musu ba."

Wani ɗan kabu-kabu ya ce shi a talabijin ya gani,
tituna maƙil, mata da maza ɗauke da alluna.
Talakawansu ne suka ƙi,
mai mulki kuwa da ƙuri'a yake cin tuwo.

Duk wannan, mai rediyon bai ce uffan ba.
Kafaran Mutari, ya haura saba'in,
kwat ɗin soja a kan riga, maɓalli biyu sun faɗi.
Sai ya naɗe ƙafar wando, a hankali,
ya nuna mana inda nama ya lotsa
kamar an danna yatsa a curin fura.

"Indocin," in ji shi.
"Daga Mirriya aka ɗauke ni, ko gemu ban yi ba.
Ni ɗan Damagaram, da muke sayen ruwa garwa-garwa,
na kwana a gonar shinkafa, ruwa har ƙugu,
ƙishirwa na kashe ni.
Wanda na harba ban san sunansa ba.
Bai ci mini iyakar gona ba,
bai zagi uwata ba.

Daga can sai Aljeriya.
Yaron da ya sayar maka da ƙwai da hantsi
shi zai ƙirga ku da dare.
Kuma ka san yana da gaskiya,
abin da ke hana barci ke nan.

Shiga garin wani da bindiga
zura hannu ne a bakin gora.
Ka damƙi abin da ke ciki,
sai ka ga hannun ya ƙi fita.
Ɗan Jimo bai fita ba. Kalla bai fita ba.
Ni ma da ƙafa ɗaya da rabi na fito.

Mushe bai yi ƙarya ba, Alhaji ma haka.
Amma wanda maciji ya sara,
in ya ga tsumma sai ya ja da baya.
Sau biyu Faransawa suka zauna a wannan aji.
Sun haddace darasin, madalla.
Kuɗin makarantar dai,
har da mu aka biya."

Shayi ya huce a kan gawayi.
Ba wanda ya ƙara.

Na mayar da murfi, na ɗaure kusoshi huɗu.
Na ce ya bar kuɗin, ya ƙi,
ya ƙirga mini dala arba'in daga ragowar fansho.
Ya kama hanyar Birni yana ɗingishi,
rediyon manne a kunnensa mai ji.

Bayan mako biyu wuta ta sauka a Bagadaza.
Ya dawo da ita ya ce ta lalace.
Na gwada, lafiya lau take.
Ya ce in ajiye ta dai a wurina.